Shawarar Toshe Bangon Ɗakin Ƙarƙashin Ƙasa a Sabon Gidana na Gombe

Ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba abu ne da aka saba gani a gidajen Gombe ba, kuma ni ma ban fara gini da niyyar yin sa ba. Yanayin filin ne ya jawo shi. Duk wanda ya san garin ya san cewa a kwari yake zaune, ƙasa tana gangarowa daga tudun yamma, wajen Tumfure, zuwa cikin gari, kuma tun da aka ƙirƙiro jihar a 1996 gine-gine suka yi ta bazuwa har suka hau gangaren da a da gonaki ne. Filina yana kan irin wannan gangare, bayansa ya ɗara gabansa tsawo da kusan mita 2. Injiniyan da ya zana ginin ya ce ko dai a yi ta sayen tifar jar ƙasa har a cike wurin ya daidaita, ko kuma a bar shi ya zama ɗaki, bangonsa na baya da wani sashe na gefunansa biyu su nutse a ƙasa, na gaba kuwa ya kasance a sarari da ƙofa da taga. Na zaɓi ɗakin, domin ina buƙatar wurin ajiye buhunan masara da wake da kuma littattafaina, kuma domin a Maris da Afrilu, lokacin da zafin rana kan kai digiri 40, ɗakin da ƙasa ta rungume ya fi kowane ɗaki a gida sanyi.

Kafin a mayar da ƙasa bayan bangon, Injiniya ya tsaya kai da fata sai an yi wasu ayyuka a fuskarsa ta waje. An gina bangon da bulo mai inci 9, aka cusa rodi a ramukansa aka cika su da kankare. Daga nan aka yi masa filasta ta waje, aka bari ta bushe, aka shafa kwalta shafi biyu, sannan aka jingina leda mai kauri domin kada duwatsu su karce kwaltar yayin cikon ƙasa. A gindin bangon, daidai da harsashin ginin, aka shimfiɗa bututun roba mai inci 4 wanda aka huhhuda, aka binne shi cikin tsakuwa, aka karkata shi kaɗan ta yadda duk ruwan da ya shige shi zai zagaye ginin ya fita ta gaban gida inda ƙasa ta fi gangara. A lokacin leburori sun yi ta gunaguni cewa ana ɓata siminti da kwalta a wurin da ido ba zai taɓa gani ba. Na kawo wannan ne tun da wuri domin duk abin da ya biyo baya a kansa ya dogara.

Maganar cikin ɗakin ta taso ne bayan an rufa kwano an gama filasta, a tsakiyar hunturu. Mai fenti ya zo ya duba, ya ce bangon da ke cikin ƙasa ba a yi masa fentin ruwa irin na sauran ɗakuna, dole a sayi fenti mai hana ruwa, ko a ƙalla fentin mai, a shafe shi tun daga ƙasa har sama kafin damina ta zo ta same mu. Baffana, wanda ya gina gidaje ba ɗaya ba, ya ce shi bai yarda da fenti ba sam: "Ka sa masa tayil kawai, ɗana, ka huta. Ruwa ba ya ratsa tayil." Uwargida ta goyi bayan Baffa saboda tayil ya fi sauƙin gogewa. Ni kaina hankalina ya fi karkata ga a yi wani abu nan take, domin ma'aikata suna nan, ɗakin babu kaya a ciki, kuma kowa ya san farashin kayan gini ba ya jiran mutum.

Da na kai wa Injiniya maganar, amsar da ya ba ni ita ce kada a shafa komai tukuna. Ya ce: "Alhaji, bangon nan bai gama fitar da ruwan da muka zuba masa da hannunmu ba, kuma bai ga damina ko ɗaya ba. Idan ka rufe fuskarsa yanzu, ka rufe idonka ne kawai." Ban gamsu da wannan a taƙaice ba, saboda haka na nemi ya yi mini bayani dalla-dalla, kuma bayanin nasa, tare da abin da na bincika daga baya, shi ne ya sauya yadda nake kallon al'amarin.

Danshin da ake gani a bangon irin wannan ɗaki ba daga wuri ɗaya yake fitowa ba, kuma maganin wani ba ya yi wa wani. Na farko shi ne ruwan ginin kansa. Buhun siminti, ko na Ashaka ne ko na wani kamfani, kilo 50 ne, kuma a kwaɓin kankare na yau da kullum yakan sha ruwa kimanin lita 25, sau da yawa ma fiye, domin leburori sun fi son kwaɓi mai ruwa-ruwa da ke saurin shiga ramin bulo. Amma abin da simintin yake haɗiyewa ya zama jikinsa bai wuce kusan rabin wannan ruwa ba. Sauran yana nan maƙale cikin ƙananan kofofin kankaren, sai ya bi iska ya fita a hankali. Mutane da yawa sun ji cewa kankare yana nuna a kwana 28, sai su ɗauka ya bushe ke nan, alhali kwana 28 ɗin lissafin ƙarfi ne, ba na bushewa ba. A lissafin da masu gini ke bi, kowane inci ɗaya na kaurin kankare yana buƙatar kamar wata guda kafin ya bushe, kuma idan kaurin ya yi yawa lokacin yakan zarce haka. To ga bango mai inci 9 cike da kankare, bayansa an shafe da kwalta, hanya ɗaya tak ta rage wa ruwan, ita ce fuskar da mai fenti yake so ya toshe.

Na biyu shi ne ruwan da ke cikin ƙasa, kuma shi ne abin tsoro na gaskiya. Idan ƙasar bayan bango ta ƙoshi da ruwa har ya tsaya tsawon mita 1, ƙarfin da yake danna gindin bangon da shi ya kai nauyin tan guda a kan kowane murabba'in mita. Kwaltar da ke waje, duk lokacin da ruwa ya danna ta, ƙara manne ta yake yi a jikin bango. Fentin da ke ciki kuwa akasin haka yake fuskanta, domin ruwan ya riga ya shiga bulo, yana turo fentin ne daga baya yana ɓamɓare shi. Ba shi kaɗai yake zuwa ba ma: yana narko gishirin da ke cikin siminti da yashi da ƙasa, idan ya iso fuskar bango ya bushe sai ya bar wani farin gari mai kama da kanwa. A bango tsirara, burushi kawai za a sa a kakkaɓe shi. A ƙarƙashin fentin mai kuwa, garin yakan taru ya kumbura fentin ya yi bororo, daga baya ya fashe ya zubo har da fatar filastar. Wanda ya taɓa lura da gindin katangun gidaje a unguwannin da ruwa ke kwanciya ya ga wannan.

Tayil ɗin Baffa ma bai tsira daga wannan hujja ba, ko da yake ban gaya masa haka kai tsaye ba. Gaskiya ne ruwa ba ya ratsa tayil, amma hakan ba ya nufin ruwan ya koma inda ya fito. Yakan bi jikin bangon ya hau sama har ya sami inda tayil ya ƙare, sai danshin ya bayyana a can, ko kuma ya tsaya a baya yana cin simintin da ke riƙe da tayil ɗin har wata rana a ƙwanƙwasa a ji ya zama holoƙo. Abin da ya fi damuna shi ne, idan bangon da ke tokare da ƙasa mai tsawon mita 2 ya tsage, tayil zai ɓoye mini tsagar, alhali ita ce abin da ya kamata in fara gani, kuma rodin da ke ciki ba ya son zama cikin danshi shekara da shekaru.

Nau'in danshi na uku, wanda ban taɓa tunaninsa ba, daga cikin ɗakin yake fitowa. A damina iska tana ɗauke da laima mai yawa, bangon da ke jingine da ƙasa kuma ya fi iskar sanyi, sai laimar ta sauka a kansa ta zama raɓa. Mai gida ya ga bango ya jiƙe sai ya ce ruwa ne ya ratso daga waje, ya kashe kuɗi a kan fenti mai tsada, alhali fenti mai santsi ƙara fito da raɓar yake yi, tunda filasta tsirara takan tsotse kaɗan ta sake shi daga baya.

Hanyar rarrabe waɗannan ba ta da tsada ko kaɗan. Ana yanka farar leda mai kauri, santimita 45 a kowane gefe, a manna ta a bango da salatif ta yadda iska ba za ta shiga ta ko'ina ba, a bar ta aƙalla awa 16. Idan aka ɗaga aka ga gumi a fuskar da ke kallon bango, ko filastar da ke ƙarƙashi ta yi duhu, danshin daga jikin bangon yake. Idan kuwa gumin a fuskar da ke kallon ɗaki yake, iskar ɗakin ce. Mun manna ledoji a wurare daban-daban: a gindin bangon baya, a tsakiyarsa, a kusurwoyi biyu, da kuma a daɓen ƙasa. Wannan fa a hunturu ne, lokacin da leɓe ke tsagewa don bushewa, kuma wanda ya shafa bangon da hannu zai rantse ya bushe ƙarau. Duk da haka, ƙarƙashin kowace leda filastar ta yi duhu. Na kira mai fenti ya gani da idonsa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, a bari ɗin." Wannan ya nuna mini cewa hunturu yana yaudarar mai gini, domin yana busar da fatar bango cikin sauri alhali cikinsa na nan jiƙe, kuma mafi yawanmu a wannan lokacin ne muke kammala gini mu yi fenti.

Saboda haka muka tare a saman gidan, aka bar ɗakin ƙasa da filastarsa, ƙofa da taga a buɗe da rana. Hatsin na kai shi ajiya wani wuri. Kafin bazara ta ƙare na sake gwajin ledar, na ga duhun ya ragu ƙwarai, a tsakiyar bangon ma babu shi gaba ɗaya.

Damina ce ta ba da amsar da ake nema. Na ajiye alli a ɗakin, duk lokacin da aka yi ruwa mai ƙarfi sai in sauka washegari in zagaye duk inda ya canza launi, in rubuta kwanan wata a gefe. A Yuni da farkon Yuli ban sami abin zagayewa ba, kuma bututun da aka binne bai fitar da komai ba. Da ƙasa ta ƙoshi a ƙarshen Yuli, bututun ya fara ɗiga bayan kowane ruwa, wanda ya tabbatar mini cewa ruwa yana isa bayan bangon kuma yana samun hanyar fita. Bangon baya bai nuna komai ba, sai kusurwa ɗaya ta gefen arewa, inda wani tabo ya bayyana daga sama, kusa da inda ƙasar waje ta tsaya, yana saukowa ƙasa. Kasancewar tabon ya faro daga sama ne ba daga gindi ba ya sa Injiniya ya ce mu fita waje mu duba, kada mu tsaya kallon bango.

Abin da muka tarar a fili yake. A daidai wannan kusurwa kwanon rufi yake haɗuwa ya yi kwari, ruwan ɓangare biyu yana zubowa wuri ɗaya, kuma ƙasar da aka mayar bayan bango ta zauna ta yi ƙasa, kamar yadda sabon ciko yakan yi a daminar farko, har ta zama ɗan gurbi da ke tara ruwa a jikin ginin, sama da inda kwalta ta tsaya. Lissafin ruwan da rufi ke tarawa ya ba ni mamaki. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita guda ce. Rufin da ya kai murabba'in mita 150, a ruwa ɗaya mai milimita 30, zai zubar da lita 4,500, kuma a yanki irin namu da ke samun wajen milimita 800 zuwa 1,000 a shekara, abin ya haura lita 100,000 a damina guda. Babu fentin da za a shafa a cikin ɗaki ya yi maganin wannan.

Gyaran bai ɗauki lokaci ba. An tone saman kusurwar, aka ƙara kwalta har ta ɗara fuskar ƙasa, aka sake cikawa aka daddaɓe. An sa makwararar ruwa a bakin kwano da bututun da ke kai ruwan cikin tanki, rarar kuma ta bi kwata zuwa waje, domin a Gombe sakin ruwa haka kawai a kan gangare shi ne mafarin zaizayar ƙasa, kuma kwazazzaban da suka cinye gidaje a garin sun isa gargaɗi. Sannan aka zuba daɓen kankare a bayan gidan, aka karkata shi ta yadda ƙasa za ta sauka kimanin santimita 15 a cikin mita 3 na farko daga bango. Bayan wannan, ruwan Agusta, wanda ya fi na kowane wata yawa, bai faɗaɗa tabon ba ko da yatsa ɗaya, layin allin ya tsaya inda yake. Da a ce an shafe bangon tun hunturu, da wannan gurbi ya ci gaba da shayar da bulo ba tare da na sani ba, sai ranar da fentin ya kumbura.

A Agustan ne kuma na ga nau'i na uku da idona. An yi kwanaki ana hadari babu rana, ɗakin ya fara wari irin na rufaffen wuri, wani takalmin fata da aka manta a ciki ya yi fumfuna. Da na manna leda, gumin ya fito a fuskar da ke kallon ɗaki, filastar ƙarƙashinta kuwa a bushe. Matsalar ita ce ƙofa da taga duk a bango ɗaya suke, iska ba ta ratsawa. Aka fasa ƙananan tagogin iska biyu a saman bangon gefe, inda ya fito daga ƙasa, aka sa musu raga saboda sauro da ɓeraye, aka kuma rataya fanka. Warin ya tafi. Wani maƙwabci ya ba ni shawarar in mayar da ɗakin wurin ajiye janareta tunda yana nesa da ɗakunan kwana. Na ƙi, domin hayaƙin janareta a rufaffen wuri a ƙarƙashin gida yana kashe mutane suna barci.

Sai da damina ta wuce, hunturu ya sake shigowa ya yi nisa, ledoji suka fito a bushe ta fuska biyu a kowane wuri, sannan muka koma kan tambayar farko. Abin da muka yi kaɗan ne idan aka kwatanta da abin da aka so a yi da fari. An kankare farin garin da ya fito a kusurwar arewa da burushin waya, ba tare da an zuba ruwa ba, domin ruwa narkar da gishirin yake yi ya mayar da shi ciki. Akwai wata siririyar tsaga a filasta wadda na sa wa alama tun bazara. Da aka ga ba ta ƙara tsawo ko faɗi ba, aka buɗe ta kaɗan aka cike. A inda bango ya haɗu da daɓe, wanda shi ne wurin da ruwa ya fi samun kafa a irin wannan gini, aka yi ɗan gangare da siminti, aka shafa masa maganin hana ruwa irin wanda ake kwaɓawa da siminti, har zuwa kamar tsawon gwiwa a bangon da ke cikin ƙasa. Injiniya ya zaɓi wannan nau'in ne saboda yana kama jikin filasta ya zama ɗaya da ita, yana tare ruwa amma yana barin tururi ya wuce, saɓanin fentin mai da ke yin fata a sama. Sauran bangon kuwa farar ƙasa aka shafa masa. Uwargida ta ce ta yi kama da gidan mutanen da, amma farar ƙasa tana barin bango ya yi numfashi, fumfuna ba ta son ta, idan danshi ya dawo nan take za a gani, kuma sabunta ta ba ya cin kuɗi. Baffa ya sami tayil ɗinsa a daɓen ƙasa, inda tun farko aka shimfiɗa leda a ƙarƙashin kankare.

Ban ce toshe bango ta ciki ba shi da amfani ko yaushe ba. Wanda ya sayi gida an riga an gama, ko wanda maƙwabci ya yi gini manne da bayansa har ba zai iya tonewa ba, ba shi da wata fuska da zai yi aiki a kanta sai ta ciki, kuma a nan maganin da ake kwaɓawa da siminti ya fi fenti nesa ba kusa ba, muddin an kankare tsohon fenti an kai ga filasta mai ƙwari. Ko shi ma, a ganina, ya fara da rufi da kwata da gangaren ƙasa da kuma nisan ramin sokawe daga bangon, domin sau da yawa a nan matsalar take ƙarewa. Idan kuwa ruwa yana tsattsafowa har ya kwanta a daɓe, ko tsagar bango tana faɗaɗa, ko bangon ya fara turo ciki, wannan ya wuce aikin mai fenti, injiniyan gini ake kira. Amma a sabon gida da aka yi wa aikin waje yadda ya kamata, ban ga hujjar gaggawa ba.

Yanzu buhunan suna kan katako da aka ɗaga daga ƙasa, an bar tazarar kamar tafin hannu tsakaninsu da bango domin iska ta zagaya, kantar littattafai kuma tana jikin bangon gaba wanda ba ya taɓa ƙasa. Bangon baya na hana a jingina masa kabad. Bakin bututun da aka binne an sa masa raga, kuma kafin ruwan farko na kowace shekara nakan sa a buɗe shi a zura ruwa ta ramin dubawa da aka bari a bayan gida, a tabbatar yana fita ta gaba, domin yashi da saiwar itace suna iya toshe shi ba tare da an lura ba.